Yadda nake haɗa wa Inna albasa da karkade ba tare da ta bar maganin asibiti ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan Inna na fama da amosanin gaɓɓai, a nan Gadarif ta Sudan kowane ciwon gaɓa rutuba ake ce masa, amma nata irin wanda garkuwar jiki ce da kanta ke cin gaɓar, da asuba yatsun hannu biyun duk a sanƙare, sai ta kai awa guda kafin ta iya jan carbi.

Akwai sinadarai a tsirrai da ake kira filabonoyid, masu bincike na ganin suna rage kumburi. A 2017 aka fitar da wani gwaji na Iran, mata 50 masu wannan ciwon, rabinsu suka sha miligiram 500 na kwasetin, ɗaya daga cikin filabonoyid ɗin nan, kullum har sati 8, sanƙarewar safe da zogi suka ragu. Gwajin ƙarami ne gaskiya, shi ya sa ni ta abinci nake bi.

Kwasetin ɗin nan yana cikin albasa, musamman ja, kuma ya fi yawa a ɓawon sama, to ki cire busasshen kawai kar ki yi ta ɓarewa, ki yanka ta ɗanya cikin salatar dakwa (wato niƙaƙƙiyar gyaɗa) da tumatir. In a miya ce a sha har romon, don cikin ruwan yake fita. Karkade kuma, wato zoɓo, da daddare nake jiƙa cikin hannu ɗaya a ruwan sanyi, in tace da safe, sikari kaɗan, sai dai yana sauke jini, in mamarki na shan maganin hawan jini ki riƙa auna ta. Lemon zaƙi a ci shi da farin zaren nan, kar a matse.

Koren shayi kofi ɗaya ya isa, nesa da abinci, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, masu ciwon nan kuma dama jini na musu ƙaranci. Kafsul ɗinsa kam dan Allah ki bar shi, yana iya taɓa hanta, ga methotrexate, maganin asibitin da Inna ke sha, shi ma hantar yake bi. Giref ma, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, sai kin tambayi likita, yana rikita wasu magunguna.

Wallahi na ga maƙwabciyarmu ta ajiye ƙwaya ta koma jiƙe-jiƙe zalla, yanzu yatsunta sun karkace, kuma gaɓar da ta cinye ba ta dawowa. Inna methotrexate ɗinta sau ɗaya ne a sati, ran Juma'a, da folik asid yadda likita ya rubuta, ni nake miƙa mata da hannuna.