Kurakuran da masu nazarin dodon koɗi ke yawan tafkawa lokacin zafi da sanyi

Na gaji da ganin sababbin shiga suna kashe dodon koɗi da hannunsu, wai da sunan taimako. Sai su ga ya shige ƙwansonsa ya toshe ƙofa da wani farin marfi, su ce ya mutu, ko su yayyafa masa ruwa don ya farka. Marfin nan yauƙinsa ne ya bushe, wasu jinsunan ma suna haɗa shi da sinadarin kalsiyam har ya yi tauri. A ciki ya rage numfashi da bugun zuciya, yana tattalin ruwan jikinsa har zafi ko sanyi ya wuce. Duk sa'ad da ka tashe shi, sai ya ƙona abin da ya tara a jiki, ya sake ƙera wani marfin, alhali yanayin da ya guje wa yana nan.

Wani yaro da ke taya ni aiki ya taɓa mayar da yayyafin nan aikin kowace safiya ga waɗanda na tattaro daga kan tsauni, lokacin ba na nan. Ko da na dawo, mafi yawansu sun mutu, wahalar kaka guda ta tafi a banza. Har yau abin yana ci mini rai. Haba, wane irin gaggawa ne wannan? A 1846 aka manna wani dodon koɗin hamada daga Masar a jikin kati a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, ana zaton ƙwanso ne kawai, sai a 1850 aka gano yana da rai. Ni dai ba na zubar da ko ɗaya sai ya yi wari.

Kuskure na biyu shi ne a haɗa na kan tsauni da na kwari a ɗaki ɗaya, a yi musu kulawa iri ɗaya. Duk hawan mita 1,000, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Celsius. Jinsin Arianta arbustorum da ke rayuwa sama da mita 2,000 a tsaunukan Alps na Turai ya fi 'yan'uwansa na ƙasa ƙanƙanta, kuma ya fi su jinkirin balaga, saboda watannin kiwonsa kaɗan ne. Babban abin tsoronsa daskarewa. Shi kuwa Theba pisana na gaɓar Bahar Rum, zafin ƙasa yake gudu, shi ya sa yake hawa karan ciyawa ya maƙale duk bazara. In ka sauko da shi ka ajiye a ƙasa don tausayi, ka cuce shi. Ni kowane akwati nakan rubuta tsayin wurin da na samo su, kuma na tsauni suna ɗaki mafi sanyi.

Sannan ku daina auna zafin iska a tsaye kuna rubutawa kamar shi dabbar take ji. Ku sa ma'aunin inda take kwance, ƙarƙashin dutse ko cikin ruɓaɓɓen ganye. A hamadar Negeb da ke kudancin Isra'ila, fuskar ƙasa takan kai digiri 65, amma jikin farin dodon koɗin wurin yana tsayawa wajen 50, don farin ƙwansonsa na mayar da mafi yawan hasken rana.

Kada ku cusa wa dodon koɗi abinci in ya fara shirin barcin sanyi. Da gangan yake wofintar da cikinsa, saboda ragowar abinci na jawo ƙanƙara ta kama a jiki. Kada ku share dusar ƙanƙara daga inda suka kwanta, ita ce bargonsu. In za ku sa wa ƙwanso alama, ɗigon fenti mai haske ya isa, baƙi yana jan zafi. Wanda ya maƙale a bango kuma kada a fizge shi, marfin ne zai tsage.