Yadda ake ziyartar matsirgar ruwan Gurara a dawo gida lafiya

Kafin a yi maganar mota ko guzuri, a fara tsayar da watan da za a je, domin Gurara ta damina daban, ta rani daban. Matsirgar tana cikin ƙaramar hukumar Gurara a Jihar Neja, a ƙasar Gwarawa, kuma ruwan yana faɗowa ne daga tsawon kimanin mita 30. A watan Agusta da Satumba kogin yakan cika ya rufe duwatsun, ruwan ya yi ja saboda laka, ƙararsa ta hana mutum jin maganar na kusa da shi. Lokacin kallo ne daga sama kawai. Wanda yake son ya sauka ƙasa, ya zauna kan yashi, ya bari sai daga Janairu zuwa Maris, lokacin da ruwan ya ja baya ya rarrabu, ya kuma yi garau.

Daga Abuja ana bi ta Zuba zuwa mararrabar Diko, a kama hanyar Minna, sannan a ratse a wajen ƙauyen Bonu. A fita da sassafe, a baro wurin kafin la'asar ta yi sanyi, kada magariba ta riski mutum a hanya. Kwana ɗaya kafin tafiya a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, sun fi kowa sanin labarin ranar.

Guzurin ba shi da yawa: ruwan sha aƙalla lita 2 ga kowane mutum, abinci, kuɗi a hannu saboda kuɗin shiga da na ɗan rakiya, igiya mai ƙwari kamar mita 15, da jarka ɗaya wadda babu komai a ciki, mai murfi. Amfanin jarkar zai zo nan gaba. Sai takalmi. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa su ne suke kayar da mutane. A sa kambas mai ƙasan roba wanda ake ɗaurewa. Dutsen da ya yi baƙi-baƙi ko kore a bakin ruwa gansakuka ce a kansa, santsinta ya fi na sabulu. A taka busasshe mai haske, a saki hannuwa biyu, waya ta zauna a aljihu har sai an tsaya cak. Sau da yawa wajen ɗaukar hoto ake zamewa, mutum yana ja da baya idonsa na kan waya.

Gindin matsirgar, inda ruwa yake ta farin kumfa, ba wurin iyo ba ne ko ga gwani. Ruwan da ya cakuɗe da iska ba ya ɗaukar jiki kamar ruwan tafki, sai mutum ya yi ta bugawa yana nitsewa. Ga shi kuma ruwan da ya faɗo yana nutsawa ƙasa, ya taso, na samansa ya juyo baya zuwa inda ya faɗo, don haka wanda ya shiga sai ya yi ta zagaye a wuri ɗaya har ƙarfinsa ya ƙare. A can ƙasa, inda ruwa yake gudu tsakanin duwatsu, haɗarin wani ne daban. In ruwa mai gudu ya wuce gwiwa, kada a yi ƙoƙarin tsayawa. Ƙafa takan maƙale a tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya tura mutum ya kifa, ya danne shi a wurin da zurfinsa bai kai ƙirji ba. Wanda ruwa ya ja, ya kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna fuskantar inda ruwan ya nufa, ya riƙa tura duwatsu da su, sai ya kai inda ruwa ya lafa sannan ya nemi gaɓa.

A riƙa sa ido kan launin ruwan. Ana iya yin ruwan sama can wajen kudancin Kaduna, inda kogin ya taso, alhali a nan rana ce tsantsa; akwai kuma madatsar ruwa a saman kogin. In ruwa ya fara gurɓacewa, ko ganye da kirare suka fara wucewa, ko dutsen da aka ajiye takalmi a kai ya fara jiƙewa, a kwashe yara a hau tudu nan take, ba sai an tattara kwanuka ba.

In wani ya faɗa, kada a bi shi da tsalle. Mai nitsewa yakan cafke wanda ya zo cetonsa, a rasa su biyun. A miƙa masa gora ko dogon reshe ana kwance a kan ciki, ko a ɗaura igiyar nan a hannun jarka, a rufe murfin tam, a jefa masa. Mai riƙe da igiya kada ya naɗe ta a hannu ko ƙugu. In an fito da shi ba ya numfashi, a daina al'adar nan ta danna ciki wai don ruwa ya fita, amai kawai take jawowa ya toshe maƙogwaro. A kwantar da shi, a ɗaga haɓarsa, a hura masa numfashi, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tasowa da matsala bayan wasu awoyi.

Akwai kuma abin da ba a gani da ido. Ruwan da ya kwanta a gefe, mai ɗumi da ciyayi, wanda yara suka fi so, shi ne mazaunin dodon koɗin da yake yaɗa tsargiya, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga. Shan magani washegari ba ya amfani, domin praziquantel, wato maganin tsargiya, manyan tsutsotsi yake kashewa. Wanda ya shiga irin wannan ruwan ya jira kamar wata 2 ya je a gwada shi, ko ya je tun kafin nan in ya ga jini a fitsari ko zazzaɓi ya ƙi sauka.