Kada ku bari hotunan sallarku su dushe

Salamu alaikum 'yan uwa. Bayan hawan sallah ƙanena ya turo mani hoton da ya ɗauka a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, na kai wa mai wanke hoto a Zengo don a yi mani babba in rataya a ɗaki. Da ya fito, adon lifidin dokin ya dagule, fuskar mahayin kamar an shafe ta da yatsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ba laifin salularsa ba ne. WhatsApp da Facebook suna matse hoto kafin ya tafi, don ya yi sauƙin wucewa ko da rezo ba ƙarfi. Hoton da ya kai mega 4 sai ya iso bai cika rabin mega ba. A fuskar waya ba ka ganewa, sai ka buɗa shi da yatsu biyu. Kuma abin da aka zubar ba ya dawowa.

Saboda haka in hoton na ajiya ne, na biki ko na tsofaffinmu, a WhatsApp ku taɓa alamar maƙala abu a saƙo, ku zaɓi Document, ku tura shi a haka. Yadda aka ɗauke shi haka zai isa. Akwai kuma maɓallin HD da WhatsApp ya ƙara a 2023. Ya fi, amma shi ma yana ɗan matsewa.

Don Allah a daina ɗaukar hoton fuskar waya ana turawa, a nemi na asali wurin mai shi. Tura hoto a Document zai ci mega da ɗan yawa, sai a zaɓi biyu ko uku masu daraja.