Yadda za ka auna aikin masani a fannin hayayyafar kifi

Idan kana neman sufabaiza ko kana haɗa furojet a kan yadda kifi ke hayayyafa, dole watarana ka ci karo da sunan wani farfesa da ake ta zuzutawa, an ce yana da takardu ɗari da kaza. Toh kafin ka ce wane babba ne, ga yadda ni nake bin abin.

Fara da Google Scholar, shafin Google na neman takardun bincike, kyauta ne. Rubuta sunansa, in yana da shafi za ka ga takardunsa da yawan waɗanda suka ambace su. Amma kar ka tsaya nan don Scholar ba ya tankaɗe, har aikin ɗalibai yake ƙirgawa. In makarantarku na da damar shiga Scopus ko Web of Science, rumbunan takardun bincike da ake biya kafin a shiga, ka leƙa can ma, lambar ambaton za ta ragu kuma ita ce ta fi kusa da gaskiya. Sannan ka nemi lambarsa ta ORCID, wato lambar shaida da ke bambanta mai bincike da sauran, saboda suna na kama da suna, musamman masanan China da Japan waɗanda su ne da yawa a wannan fannin, sai ka haɗa aikin mutum uku ka jingina wa mutum ɗaya ba ka sani ba.

Akwai ma'aunin h da kowa ke faɗa, wani masanin fiziks Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005. Idan aka ce h ɗin mutum 30 ne, yana da takardu 30 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 30. Shi kenan lissafin. Matsalar kawai ba a gwada shi da na wani fanni, mai binciken ciwon daji dubban mutane ke karanta shi, mai binciken ƙwan kifi kuwa jama'arsa kaɗan ne, kuma wanda ya shekara 35 yana aiki dole ya fi wanda ya gama dokta jiya. Sa'a da sa'a ake gwadawa.

Daga nan ka jera takardun daga wadda aka fi ambata, ka ɗauki biyar na sama ka karanta da gaske, ba taƙaitawar farko kaɗai ba. Duba inda sunansa yake, na farko yawanci shi ya yi wahalar lab, na ƙarshe shi ne mai gidan lab ɗin, na tsakiya cikin mutum goma sha biyar kuwa Allah kaɗai ya san me ya yi. Duba mujallar, irin su Aquaculture da General and Comparative Endocrinology da Journal of Fish Biology sanannu ne a harkar. Kuma ka lura ko shi ke ta ambaton kansa, wasu fa akwai wannan halin.

Amma abin da ni na fi ba muhimmanci shi ne, aikin nasa ya fita daga takarda ya isa wajen ƙyanƙyasar kifi? Kifaye da yawa in aka tsare su a tanki ƙwan zai girma a ciki amma uwar ba za ta sake shi ba. Tun wajen 1930 Bernardo Houssay a Ajantina ya nuna allurar ruwan fituwitari, wani ɗan ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa mai fitar da homon, na sa kifi haihuwa, Rodolpho von Ihering ya ci gaba da abin a Barazil, Hiralal Chaudhuri ya yi nasara da kifin kaf a Indiya a 1957. Sai Lin Haoran na China da Richard Peter na Kanada suka haɗa homon ɗin GnRH mai zaburar da haihuwa da maganin da ke toshe dofamin, sinadarin da ke taka wa sakin ƙwan birki, har aka yanko sunayensu aka kira hanyar Linpe. A kan wannan aka gina Ovaprim, allurar da ake yi wa uwar kifi don ta saki ƙwai. Ka je ka ga mai ƙyanƙyasar tarwada ya auna uwa, ya ja rabin mililita na Ovaprim a sirinji kan kowane kilo, ya tsira mata da dare, gari na wayewa ya nannaɗe kanta da tawul ya matsa cikin a hankali ƙwai na zubowa cikin roba, wlh bai taɓa jin sunan Lin ko Peter ba amma aikinsu ne a hannunsa, kuma babu lambar Scholar da za ta ƙirga wannan.

Wani kuma tasirinsa a cikin ilimin ne kansa, kamar Yoshitaka Nagahama na Japan da ya gano homon ɗin da ke sa ƙwai su nuna a wani kifin salmon a 1985, daga baya a 2002 ƙungiyarsa ta gano ƙwayar halittar gado da ke sa ɗan ƙaramin kifin da ake kira medaka ya zama namiji. Irin wannan sai ka buɗe littattafan koyarwa na fannin ka ga ko an saka shi ciki.

Sai ɗaliban masanin da kake aunawa, ina suke yanzu, suna buga nasu ko sun ɓace? In sufabaiza kake nema ka samu ɗaya daga cikinsu ka tura masa imel, ka tambaye shi wata nawa babi ke yi a teburin malam kafin ya dawo.