Kurakuran da aka fi yi wajen koyon sikel ɗin maino a jita

Yawancin samarin da na ga sun sayo jita a Sabon Gari, da sikel ɗin A maino suke farawa (sikel shi ne jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama), kuma kusan duka a wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Kuskure na farko ma ba a yatsa yake ba. Mutum ya ɗauko jita ya hau kaɗawa bai saita ta ba. Daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya, saitin shi ne E, A, D, G, B, E. A hunturun Kano kuwa iska na busar da katako, saiti na zamewa, don haka duba shi kullum kafin ka fara.

Sai inda ake ɗora yatsa. Kada ka danna a kan ƙarfen gaɓa, wato ƙarafan nan da suka gitta wuyan jita. Dab da bayansa za ka danna, da kan yatsa, ka kuma yanke farce. Zizar da kake ji daga rashin dannawa daidai take.

A maino sauti 7 ne: A, B, C, D, E, F, G. A tsirkiya ta 6, wato mafi kauri, ka danna gaɓa ta 5, 7, 8. Ta 5 ma haka. A ta 4 kuma 5 da 7, a nan ka dawo A. Gaɓa ta 8 ta ƙaramin yatsa ce, amma sai ka ga ana miƙa yatsan zobe wai ƙaramin ba shi da ƙarfi. Yaya zai yi ƙarfi ba a sa shi aiki ba?

Babban kuskuren a ganina shi ne hawa da sauka kamar mai ƙirga tsani, kunne na barci. Sautukan nan 7 su ne dai na C mejo, ba ragi ba ƙari. Abin da ya mai da su maino shi ne A ce gida: daga ita ka tashi, gare ta ka dawo. Ka sa aboki ya riƙa kaɗa A shiru-shiru, kai kana yawo a kai, ka tsaya a C ka saurari sanyin nan. In abin ya yi maka yawa, cire B da F. Biyar ɗin da suka rage kunnen da ya saba da gurmi da garaya ba zai ji su baƙi ba.

Maganin gaggawa kuma, sa metironom na waya, wato manhajar da ke ƙirga bugu, a bugu 60 a minti ɗaya, sauti guda a kowane bugu. Sai ya fita tsaf sau uku a jere za ka ƙara sauri.