Kafin ku sa wa siliki mai gurje-gurje almakashi

'Yan uwa masu ɗinkin kayan wasan kwaikwayo, dufiyoni da shantun, wato nau'o'in yadin siliki masu ƙulle-ƙulle a jiki, suna da kyau a ƙarƙashin fitila, amma ba sa yafe ganganci. Ƙulle-ƙullen nan na jikin dufiyoni ba aibu ba ne, daga zaren tsutsar siliki biyu da suka saƙa gida ɗaya yake fitowa.

Ku fara da zaro zare ɗaya ku ƙona. Siliki na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa kuma tana murjewa tsakanin yatsu. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen yanka. Bakinsa yana zarewa tun yana hannunka, don haka da kun yanka ku daje gefen nan take, ku kuma bar rarar ɗinki mai faɗi. Mai launi biyu ku yanka shi duk ta fuska ɗaya, in ba haka ba hannun riga zai saɓa da jikinta a idon 'yan kallo. Ni ba na ɗinka shi ba tare da shafi ba, domin ɗan wasa na ɗaga hannu, hammata ce ke fara buɗewa. Allura siririya, lamba 70.

Ɗigon ruwa yana bar masa tabo, wanki kuma yana kashe taurinsa da sheƙinsa. A goge ta baya da ɗumi kaɗan, a ɗora wani ƙyalle a kai. Bayan wasa a shanya a inuwa gumi ya bushe, kada bilic ya kusance shi.