Babi na 6: Idan Allo Ya Yi Baƙi Lokacin Sanya Linux

A babin da ya gabata mun zuba Ubuntu, wani nau'in Linux, a cikin filash, mun kuma koyi yadda ake sa kwamfuta ta tashi daga filash ɗin. Wasunku aiki ya tafi musu sumul. Wasu kuwa suna danna Enter sai allo ya yi baƙi ƙirin, ko ya cika da zane-zane masu launi, ko tambarin Ubuntu ya fito ya tsaya cak. Wannan babi naku ne. Ku kwantar da hankalinku, kwamfutarku ba ta lalace ba, kuma ba ku ne kuka ɓata ta ba.

A cikin kowace kwamfuta akwai sashen da ke zana hoto a allo, ana ce masa katin hoto. Kusan duk wanda za ku gani na ɗayan kamfanoni uku ne: Intel, AMD ko NVIDIA. Linux ba ya magana da katin kai tsaye, sai ta hanyar wata ƙaramar manhaja da masu gyara ke kira direba, wadda ke tsakaninsu kamar tafinta. Idan tafintan bai fahimci katin ba, kwamfuta na aiki a ciki, allo kuwa shiru. An fi samun haka da katin NVIDIA, saboda direban da ke zuwa cikin filash, mai suna nouveau, ba kamfanin ne ya rubuta shi ba, masu sa kai ne. Iyakar bayanin da kuke buƙata ke nan. Mu shiga aiki.

Darasi na 1: Ku duba kafin ku kashe

Da farko ku jira. Filash ba ya da sauri, musamman a tsohuwar kwamfuta. Ku ba ta minti biyar cikakku, ku duba agogo, kada ku ƙiyasta da ka. Idan filash ɗinku yana da 'yar fitila kuma tana ƙyaftawa, aiki ake yi, ku ƙyale shi.

Sannan ku nemi madannin da aka rubuta wa Caps Lock, yana gefen hagu. Ku danna. Idan fitilarsa ta kama, kuka sake dannawa ta mutu, kwamfuta na da rai, hoto ne kawai babu. Madalla, wannan ita ce matsalar da muka zo gyarawa.

Masu kwamfutar tebur, ku leƙa bayanta. Wayar da ta taho daga allo ta shiga da kyau? Wasu kwamfutocin suna da wurin sa waya biyu, ɗaya a sama kusa da ramukan filash, ɗaya a ƙasa a jikin katin hoto na daban. Idan akwai na ƙasan, can za ku sa. Masu laftof, idan kun haɗa ta da talabijin ko wani allo, ku cire, wataƙila hoton can ya tafi. Ku kuma ƙara haske da madannin da ke da hoton rana.

Idan duk wannan bai yi ba, ku danne madannin kunnawa, ku riƙe har kwamfuta ta mutu. Tunda ba a fara sanyawa ba, babu abin da zai ɓace.

Darasi na 2: Hanya mai sauƙi

Ku sake kunnawa daga filash. Baƙin allo zai fito da layukan rubutu kaɗan, ɗaya yana da haske. Sunan wannan wuri GRUB. Linzami ba ya aiki a nan, kada ku wahalar da hannunku. Madannan kibiya ne ke aiki, na sama da na ƙasa, sai Enter.

Da zarar ya fito ku danna kibiyar ƙasa sau ɗaya. Wannan yana tsayar da ƙirgen lokaci, don idan kun tsaya kallo, kwamfuta za ta zaɓa muku layin farko ta wuce.

Layin farko yana cewa Try or Install Ubuntu. Shi ne ya kai ku baƙin allo. Na biyun yana da kalmomin safe graphics a ƙarshe. Ku kai haske kansa, ku danna Enter. Masu Linux Mint, wani nau'in Linux ɗin daban, naku yana cewa compatibility mode. Hoto zai fito, mai yiwuwa da manyan haruffa marasa kyau. Ba komai, za mu gyara a gaba. Ku ci gaba da sanyawa kamar yadda muka koya.

Darasi na 3: Rubuta nomodeset da hannu

Wani lokaci babu wancan layin na biyu. Kuma bayan an gama sanyawa an cire filash, ba za ku gan shi ba, baƙin allon kuma yakan dawo. Don haka dole kowa ya iya wannan darasi, har wanda darasi na 2 ya yi masa aiki. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda haka za mu tafi a hankali.

Kalmar ita ce nomodeset. Tana gaya wa Linux ya bar allo yadda kwamfuta ta kunna shi, kada ya sa direban katin hoto ya karɓi aikin. Ku ɗauki biro ku rubuta ta a takarda yanzu, tun kafin ku taɓa kwamfuta: n, o, m, o, d, e, s, e, t. Harafi tara. Ku ƙirga naku. Tara ne? Duka ƙananan baƙaƙe, kuma a haɗe, babu tazara a tsakiya.

A allon GRUB, haske yana kan layin farko. Kada ku danna Enter. Ku danna harafin e, sau ɗaya. Allo zai canza, rubutu mai yawa zai fito, da alamomi da lambobi. Ba sai kun fahimce su ba. Layi ɗaya kawai muke nema, wanda ya fara da kalmar linux. A ƙarƙashinsa akwai wanda ya fara da initrd, ba shi ba ne. Na linux.

Za ku ga ɗan gajeren layi yana ƙyaftawa, shi ne yake nuna inda rubutu zai shiga. Ku sauko da shi da kibiyar ƙasa har layin linux. Ku lura, layin dogo ne, yakan naɗo ya sauko ƙasa har ya yi kama da layi biyu, amma ɗaya ne. Ku bi shi da kibiyar dama har ku ga kalmomi biyu, quiet splash. Ku wuce harafin h na ƙarshen splash, ku tsaya daidai bayansa.

Yanzu ku danna dogon madannin nan na ƙasa, mai ba da tazara, sau ɗaya. Sannan ku rubuta nomodeset. Abin da ya kamata ku gani shi ne:

quiet splash nomodeset

Ku ɗora yatsa a kan allo ku karanta. Tsakanin splash da nomodeset akwai fili? Idan kun ga splashnomodeset a manne, kwamfuta za ta ɗauke ta kalma ɗaya da ba ta sani ba, ta yi watsi da ita ba tare da ta ce muku komai ba, allo ya sake yin baƙi, ku ce dabarar ba ta aiki. Tana aiki. Tazarar ce babu. Ku koma da kibiyar hagu, ku sa tazara.

Haka kuma idan kun rubuta no mode set a rabe, kalmomi uku ke nan, ba ɗaya da ta sani a ciki. Tazara ɗaya a gabanta, ba ko ɗaya a cikinta. Ku maimaita da baki: tazara a gaba, babu a ciki.

Idan kun ga 'yan sanduna uku a kwance, ---, kafin quiet ko bayan splash, ku bar su inda suke. Idan akwai wani rubutu bayan nomodeset, ku tabbata shi ma akwai fili tsakaninsu. Kada ku goge komai.

To, an rubuta. Hannu zai so ya tafi kan Enter, don haka ya saba. Ku riƙe shi. A nan Enter ba ya tayar da kwamfuta, yanke layin yake yi gida biyu. Madannin da za ku danna shi ne F10, a jerin sama. A wasu laftof sai an haɗa shi da Fn. Idan ya ƙi, ku riƙe Ctrl ku danna x.

Na ga ɗaliba ta yi komai daidai, ta ƙirga haruffa tara da yatsa, ta duba tazara, sannan ta danna Enter, kalmar ta faɗo sabon layi ita kaɗai, ta zauna tana jiran hoto. Idan haka ta same ku, ku danna Esc. Duk abin da kuka rubuta zai goge, ku koma farkon GRUB, ku sake danna e. Wannan gyara na tashi ɗaya ne kawai, ba a ajiye shi a ko'ina, don haka ba za ku iya ɓata kwamfuta da shi ba ko da kun so. Ku gwada ba tsoro.

Mu sake bi. Kunna. Kibiyar ƙasa, sannan ta sama, haske ya dawo layin farko. Harafin e. Layin linux. Bayan splash. Tazara. nomodeset. Karanta da yatsa. F10.

Gaskiya abin da ke ɓata mini rai shi ne, mutum zai zo ya ce Malam na yi ba ta yi ba, in ce nuna mini takardar da ka rubuta kalmar, babu takarda. In ce sake yi in gani, sai ya rubuta nomodset, ya cinye e guda. Ku manya ne, kuna riƙe da gidaje da sana'o'i, ba wanda zai ce ƙirga harafi tara ya fi ƙarfinsa. Gaggawa ce kawai. Wanda bai rubuta a takarda ba, kada ya wuce zuwa darasi na 4. Kuma ku daina sa babban N a farko, wannan ba sunan mutum ba ne. Idan fitilar Caps Lock na kunne, ku kashe ta.

Aikin gida: ku rubuta layin quiet splash nomodeset sau goma a littafinku, kuna barin fili mai faɗin yatsa tsakanin kalmomin.

Darasi na 4: Bayan an cire filash

An gama sanyawa, kun cire filash, allo ya sake yin baƙi. Yanzu GRUB yana ɓoye, sai an kira shi. Da kun kunna, tambarin kamfanin kwamfutar ya wuce, ku riƙe Shift. Wannan na tsofaffin kwamfutoci ne. A sababbi, Esc ake dannawa, sau ɗaya ko biyu. Idan kun yi ta bugunsa za ku faɗa wani wuri mai rubutun grub> kawai. Ku rubuta normal ku danna Enter, zai dawo da ku.

Daga nan darasi na 3 ne sak: e, layin linux, bayan splash, tazara, nomodeset, F10. Tazara, na ce.

Darasi na 5: Sanya direban da ya dace

Kalmar nan ta shigar da ku ne kawai, ba ita ce maganin ba. Muddin da ita kuke tashi, hoto zai iya zama da manyan haruffa marasa kyau, bidiyo zai riƙa sarƙewa, madannin haske ma yakan ƙi aiki.

Ku haɗa intanet. Ku fara sabunta manhajoji da Software Updater. Sannan ku buɗe Additional Drivers. Idan katinku NVIDIA ne za ku ga jerin direbobi, ku zaɓi wanda aka rubuta wa tested, ku danna Apply Changes, ku sa kalmar sirrinku, ku jira ya gama. Masu Intel da AMD galibi ba za su ga komai a jerin ba, direbansu yana cikin Linux tuni, sabuntawar ce ke taimakonsu.

Idan an nemi ku ƙirƙiri wata kalmar sirri saboda Secure Boot, wani tsarin tsaro na kwamfuta, ku rubuta ta a takarda. Da kun sake kunnawa shuɗin allo zai fito, ku zaɓi Enroll MOK, ku ci gaba, ku sa kalmar. Haruffan ba za su fito ba sa'ad da kuke rubutawa, haka yake. Wanda ya tsallake wannan, direbansa ba zai tashi ba.

Wannan karon ku bar ta ta tashi da kanta, ba e, ba nomodeset.

Darasi na 6: Taga ta fi allo girma

Wani lokaci a tsakiyar sanyawa madannin ci gaba yana ɓacewa a ƙasan allo. Ku riƙe madannin da ke da tambarin Windows, ku danna cikin tagar da linzami, ku ja ta sama. A Linux Mint, Alt ake riƙewa. Idan rubutu ya yi ƙanana ko manya bayan an gama, ku shiga Settings, sannan Displays, ku canza.

Darasi na 7: Idan duk bai yi ba

Ku sake zuba Ubuntu a wani filash ɗin, na farkon yana iya zama da matsala. Idan kwamfutar sabuwa ce fil, ku nemi fitowar Ubuntu ta baya-bayan nan, ana fitar da sabuwa kowane Afrilu da Oktoba. Idan har yanzu baƙi ne, ku ɗauki hoton layin linux da waya kafin ku danna F10, ku zo da shi aji.